Ɗinkin da Ba Ni Na Yi Ba

Dogon Dutsi, ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga Rahina, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan farko da ke sauka a jigawar Arewa har ƙasa ta tashi da ƙamshi! Ya ke furar gero da nonon safe! Ya ke wadda in ta yi dariya a tsakar gida kaji ke daina tono su saurara! Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga mijinki Maikano tela, wanda yau kwana goma sha tara ke nan yana kiran wayarki tana kuka har ta gaji ta yi shiru. Yaya ƙarfin jiki? Yaya baƙuwarmu mai hancina da bakinki? An ce mini ta iya kuka, na ce to wannan gadon uba ne, don ni ma sana'ar da na koma ke nan tun da kuka tafi Matankari. Ki gaishe mini da mahaifiyarki Inna, in har za ta amsa.

Na ɗauki bik da takarda ne saboda takarda ba ta da wurin da ake latsawa ta yi shiru. Na sani kina iya hura wuta da ita, kina iya ƙunshe yaji a ciki. Duk wanda kika zaɓa hakkinki ne, amma don girman Allah ki karanta tukuna. Adamu mai kabu-kabu da zai kawo miki ita na ja masa kunne kada ya jira amsa, kada kuma ya tsaya kusa da muciya.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona, saura sati biyu ƙaramar salla, da atamfa mai ruwan ganye da tsohuwar rigarki ta awo? Wallahi ranar keken ɗinkina har wani sauti ya canja. Na ɗauki awo daidai, na rubuta daidai, sannan da gangan na sa hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo don ki dawo. Kika dawo. Na gyara hannu, na ɓata wuya. Kika sake dawowa. A zuwa na uku kika ajiye rigar a kan keke, kika dube ni ta wutsiyar ido kika ce, "Tela, in magana gare ka, gidanmu na Matankari, kowa ka tambaya shina nuna maka. Ka bar atamfata ta huta." Tun ranar na san Allah ya haɗa ni da macen da ƙarya ba ta kwana a gabanta. To ina hankalina ya tafi kiwo da na manta da wannan?

Bari in bi zancen daki-daki, don akwai abubuwan da suka faru a bayan idonki.

Ranar Litinin ɗin nan naƙuda ta kama ki da hantsi, muka tafi likita, Inna ta iske mu can. Har azahar shiru. Sai Madam Fati, sajfam ɗin nan, ungozomar likita mai gilashi a kan hanci, ta fito ta ce mini yarinya ta kwanta a gicciye, ba ta da niyyar bin hanyar da kowa ke bi, dole a yi aiki a ciro ta, sezariyan, kuma yanzu-yanzu. Ta miƙo takarda in sa hannu. Na sa, amma in aka nuna mini yau aka ce nawa ne sai in yi gardama, don ya fi kama da ɗinkin wanda ya fara koyo jiya. Daga nan suka ce a gwada jinina ko za a buƙata. Rahina, shekara goma sha biyar ina cin abinci da allura, amma duk tsawon zamanmu ni ke nuna mata inda za ta shiga. Ranar ita ce ta nufo ni. Abin da na sani kawai, na buɗe ido na gan ni shimfiɗe a ƙasa, wata tsohuwa mai jinya tana yi mini fifita da faifai tana tambayar mutane ko ni ne aka kawo haihuwa.

Ke kuwa, ya zakanya, ya dutsen da garinmu ya ci sunansa! Aka turo ki a gado mai taya aka wuce da ke ta gabana, ko ƙwalla babu a idonki, har kika samu sukunin ce mini in kaɗe ƙurar da ke bayan rigata. Ke za a tsaga, ni ake yi wa fifita. Wace irin ƙasa ce Allah ya ƙera ki da ita, wace iri kuma ya rage ya yi ni?

Bayan la'asar, da aka ce uwa da 'ya suna lafiya, na fita bakin ƙofa na kira Gwaggo Ma'u a Ɗan Kassari, ita da ta raine ni tun ina ɗan shekara biyar. Ta ce, "Yaya?" Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ta haihu lafiya, Gwaggo. Da kanta." Ta rangaɗa guɗa har kunnena ya toshe. Ban gyara ba. Kafin rana ta faɗi duk Ɗan Kassari ta ji cewa matar Maikano ta haihu ko uffan ba ta ce ba, washegari kuma labarin ya girma, aka ce daka kike yi, kika jingine taɓarya kika haihu kika dawo kika ƙarasa dakan. Ni kuma na shiga yi wa ƙaryata faci. Da Gwaggo ta ce za ta zo likita, na ce ba a barin baƙi. Da ta ce me ya sa mai lafiya za ta kwana huɗu a can, na ce sabon tsari ne, hutu ake ba mata yanzu.

Ranar da aka sallame ki Inna ta koma Matankari ɗauko kayan suna. Kin san abin da ya faru washegari. Amalanke ta tsaya a ƙofar gidanmu, jaki na haki, itace ya fi katanga tsawo, rabin tano, wato duron ƙarfe na dafa ruwa, ɗaure a baya, Gwaggo zaune a can ƙololuwa da damin ganyen dogon yaro a cinya. Wankan jego ta zo yi miki, irin na asali, wanda ake tsoma ganye a tafasasshen ruwa a riƙa fyaɗa wa mai jego a ciki da baya har fata ta yi ja. Ko ruwan sha ba ta karɓa ba sai da ta ɗora tano a wuta. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ruwan nan yana tafasa.

Kika sunkuyar da kai irin na suruka mai kunya kika ce likita ya hana. Gwaggo ta ce, "Likita ɗiya nawa yah haihwa? Ni goma sha ɗaya na haihwa, kuma ruwan ga sunka tashe ni duka." Sai kika dube ni. Wayyo Rahina, wannan kallon! Kallo ne na mai cewa, kai ne namiji, kai ne ɗanta, faɗa mata mana. Ni kuwa na ɗaga kai ina duban sama kamar mai neman watan salla da rana tsaka. Ta kama hannunki ta ja ki bayi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ban taɓa sanin da ni suke ba. Ina tsaye bayan zana na ji salati, sannan na ji damin ganye ya faɗi ƙasa, Gwaggo na cewa ai da kanki aka ce mata kin haihu. Sai muryarki a sanyaye: "Gwaggo, wa yac ce miki da kaina na haihu?"

Na san abin da na faɗa lokacin da kuka fito, kuma ina jin kunyarsa har yau. Na ce ƙila reson waya ne bai da kyau ranar, Gwaggo ba ta ji ni daidai ba. Gwaggo ta ce kunnen da ya ji kukana ina goye daga gona bai kasa jin ƙaryata a waya ba.

Kika shige ɗaki kika saki labule, don haka ba ki ga abin da ya biyo baya ba, ni kuwa ina so ki sani ko zai ɗan sanyaya miki rai. Gwaggo ta dubi tano, ta dube ni, ta ce, "Ruwan da anka tahwasa don jego ba a zubda su ƙasa. Tunda kai kah haihu da bakinka, taho ka yi wanka." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kifa turmi a tsakar gida, ta sa na tuɓe riga na zauna daga ni sai gajeren wando, ta sirka da guga ɗaya tak, shi ma don kada a ce ta dafa ɗan ƙanenta. Rahina! Rahina! Ashe abin da mata ke sha ke nan kwana arba'in su fito suna murmushi? A fyaɗar farko na kira sunan Allah, a ta biyu na kira sunanki, a ta uku na kira sunan jakin. Maƙwabta suka jeru a kan katanga. Babu wanda ya ce a yi haƙuri, wata ma cewa ta yi an tsallake kafaɗar hagu. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Shi ya sa ranar suna kika ga angon ƙarni tsaye ƙiƙam tun safe har aka watse, mutane na cewa ladabi ne. Bayana ne ba ya jingina.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da kika yi mini washegarin suna. Inna ta ɗaure kaya ta ce a Matankari za ki ƙarasa jego. Kika fito a hankali, hannu ɗaya dafe da ciki, kika tsaya daidai inda nake, kika ce, "Ashe kunyar ɗinkin ga kaka ji, Tela." Ba ki ɗaga murya ba. Da ma kin ɗaga! Da ma kin jefe ni da kwano! Bayan kwana uku na aika in ji ranar da zan zo ɗaukarki in an yi arba'in, sai Inna ta aiko da amsarki, wai ba ki komawa gidan da ake ɓoye tabonki sai ranar da tabon ya ɓace.

Tun ranar gidan nan ya zama kango mai rufi. Tsintsiyarki na jingine inda kika bar ta, na hana kowa taɓawa. Tulu ya daina sanyaya ruwa. Kurciyar da ke sauka a kan dangarmu tana zuwa ta duba ta ga ba ke ba ce ta tashi. Na ɗinka wa wani ma'aikacin gwamnati wando na rufe masa aljihu duka biyu, na sa wa wata amarya zif a gaba. Na ɗinka wa baƙuwarmu riguna tara, kowace da girmanta, don ban san inda ta kai ba yanzu. Shin kumatu sun fito? Shin ta fara bin mutum da ido? Wa take bi da idon, tunda ubanta na nan yana shan kunu?

Ƙwarai, kunu. Gwaggo ba ta koma ba. Ta ce itace da kanwa da geron da ta ɗauko ba za su yi asara ba, don haka kullum safe sai ta dama kunun kanwa na mai jego ta tsaya a kaina sai na ga gindin ƙwarya. Wuyana ya yi kauri, wandunana sun fara gardama. Matan unguwa in sun kawo ɗinki sai su ce, "Sannu mai jego, ya ruwan zafi?" Jiya wata ta tambaye ni ko nono ya zo. Na amsa mata da alhamdu lillahi, don wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin faɗa.

Kada ki ce zaune nake ina jiran lokaci ya wanke ni. Ranar Asabar ta makon jiya na ɗauki Gwaggo a babur muka tafi Ɗan Kassari, na bi gida-gida duk inda ƙaryata ta shiga, na yi sallama na durƙusa na ce ni ne Maikano, na zo karɓar maganata. Na ce ba daka kike yi ba, ba kuma da kanki kika haihu ba, aiki aka yi miki, kuma ni na suma. A wani gida wata tsohuwa ta taɓe baki ta ce 'yan matan yanzu ragwaye ne, ba su iya durƙuso sai wuƙa. Kafin in yi magana Gwaggo ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu. Ta ce ita da idonta ta gani, duk wadda ta isa ta kwanta a tsaga ta kamar kabewa ta tashi a kwana na biyu ta ba da nono. Sai dai ki sani, a gida na uku tsawon ɗinkin ya kai taƙi biyu a bakin Gwaggo, a gida na bakwai ya kai kamu biyu, kuma wai ke ce kike nuna wa likitoci inda za su yanka. Wannan ba tawa ba ce, kada a ɗora mini.

A nan Dutsi ma duk wanda ya zo awo sai ya ji labarin tun daga farko kafin in saki hannunsa. Limamin unguwa ya zo karɓar rigarsa, ina cikin bayani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Maikano, ya isa, wannan karo na uku ke nan." In a nan ma na wuce gona da iri, ki yafe mini. Ban taɓa iya tsaka-tsaki ba.

Sannan na koma wajen likitan da ya yi aikin, na jira shi har ya fito, na tambaye shi yaushe tabo irin wannan ke ɓacewa. Ya ce zai yi laushi, zai dushe, amma ba ya ɓacewa. Da ya ji tela ne ni sai ya ɗauki takarda ya zana mini, wai hawa wajen bakwai ake ratsawa kafin a kai ga ɗa, sannan a dawo ana rufewa da hannu, a jikin abin da ke numfashi. Ni da shadda mai shafi ke sa ni ciwon kai! Na cire hula na ce masa shi ne tela, mu masu facin buhu ne. Na so in tsaya a nan, sai ya ci gaba da zane, na ji ƙasa ta fara matsowa, ya ja mini kujera da sauri. Na fito daga wurinsa da abu ɗaya a kai, cewa sharaɗin da kika gindaya ba shi da ranar cika. Kin san haka lokacin da kika faɗe shi, ko ba haka ba?

To ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin san mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, amma ba ki san yadda aka yi ba, don ba na iya faɗa. Haihuwa ce ta zo mata da gardama. Ɗan ya gicciye. Kwana biyu tana durƙushe a ɗaki, a rana ta uku aka ɗora ta a amalanke za a kawo ta Dutsi, Gwaggo na riƙe da kanta. Ba su kai rabin hanya ba. Ina tsaye a ƙofar gida amalanken ta dawo, Gwaggo ta sauko da takalman mahaifiyata a hannu. Ranar Litinin ɗin nan, da za a rufe ƙofa a bayanki, Madam Fati ta miƙo mini takalmanki ta ce in riƙe. Rahina, fiye da awa ɗaya ina tsaye da takalmanki a hannuna, ban ajiye ba, ban zauna ba, ban iya ko addu'a mai tsawo ba sai ya Allah, ya Allah.

Da na kira Gwaggo ta ce "Yaya?" muryarta rawa take yi, na kuma san hanya ɗaya muke tunawa ni da ita. Na nemi in ce ta gicciye, harshena ya ƙi. Sai na gaya mata maganar da na yi shekara ashirin da bakwai ina so a ce ita aka dawo aka gaya mini. Wannan shi ne mafarin. Sauran kuwa, ƙin gyarawa da faci da duban sama ana shirin ƙona miki rauni, ragwanta ce tsagwaronta, kuma guɗar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. A kan wannan ba ni da hujja sai roƙo. Ki yafe mini.

Amma kunyar ɗinkinki? Ni? Wannan layin da ke ƙasan cibiyarki shi ne abin da mahaifiyata ta rasa tsakanin Ɗan Kassari da Dutsi. Saboda shi nake da wadda zan rubuta wa takarda yau. Saboda shi 'yarmu take da cinyar da take kwana a kai, ba labarin uwa za a riƙa ba ta ba. Saura kwana goma sha uku ki yi arba'in. Zan zo Matankari in tsaya a ƙofar gidanku, in kin ce in koma zan koma, in sake zuwa washegari. Kin ce sai ya ɓace za ki dawo. Ni kuwa roƙona ga Allah kada ya ɓace. Ki dawo mini da shi.

Naki ne ni, jiya da yau da abin da ya rage, har ranar da wani telan zai ɗinka mini likkafani.

Mijinki,
Maikano